Dogon Sanda Bai Amsa Ba

Talata, ƙarfe 6:30 na safe

Yau kwana goma sha bakwai. Saura goma sha uku.

Na sayi littafin nan ne don awon gilashin tabarau a shago, ga shi na fara da wani abu dabam. Bari in tsara maganar yadda take, ko kaina zai daina juya ta.

Mu tara ne a zauren wasan labari na waya. Ba mu taɓa ganin juna ba. Kowa yana da mutum ɗaya a cikin labarin, shi ke rubuta masa magana da motsi, sauran su amsa da nasu mutanen, layi bayan layi, har labari ya yi tafiya. Namu labarin na wata mashigar kogi ne, inda matafiya ke jira a tsallakar da su. Wadda ta kafa zauren muna ce mata Uwar Labari. Ita ke da kogin, da iska, da ruwan sama, da duk abin da ba mutum ba. Ni ne Magatakarda, mai teburi a bakin ruwa yana rubuta sunayen masu tsallakawa. Auta, ƙanena, shi ne Dogon Sanda, mai kwale-kwale. Babu wanda ya san cikinmu ɗaya. Auta ne ya ce kada a faɗa, za a ce muna haɗa baki.

Rubutunsa na ƙarshe ranar Asabar ne da hantsi, kafin mu fita: “Dogon Sanda ya kwance igiya, ya riƙe ta a hannu, ya dubi matar nan mai fitila. Ya ce, ke kuma ina za ki da wuta a kan ruwa?” Mai Fitila ta amsa a ranar. Mutuniyarta ta ɗaga fitilar ta ce, “In na faɗa maka, za ka kai ni, ko za ka mayar da igiyarka?” Tun daga nan layinsa ne.

Ƙa’ida ta bakwai ta ce wanda ya yi kwana talatin bai yi rubutu ba, kuma bai nemi hutu da bakinsa ba, Uwar Labari za ta fitar da mutuminsa, a ba wani aikinsa. Wanda aka fitar ba ya dawowa. Na bara, wani kada ne ya ja shi ƙarƙashin ruwa.

Wayar Auta tana wurina. Na sa ta a caji.

Laraba, ƙarfe 1:15 na rana

Ina ɗakin baya. Injin yankan gilashi a kashe, ruwansa na ɗiga cikin bokiti. Rediyo, mai karɓar baƙi a gaban shago, ta leƙo da kofin shayinta.

“Malam, wannan wayar da kake wa kallon ƙurilla, budurwa ce? In ita ce ka faɗa mana mu fara ɗinki.”

Na ce labari nake karantawa.

“Haka tsohon mijina yake cewa,” in ji ta, ta tafi tana dariya.

Zauren namu ɗaki biyu ne. Akwai Fage, inda labari kaɗai ake rubutawa, akwai Bayan Fage, inda muke hira da bakinmu. In dole ta sa mutum ya yi maganar kansa a Fage, sai ya sa ta cikin baka biyu-biyu, don kada a ɗauka mutuminsa ne ya faɗa.

Yau a Bayan Fage Barkono ya tashi. Shi ke da ɗan kasuwa mai jakuna goma sha biyu, kuma sunan nan bai same shi a banza ba. Ya ce, “Jama’a, jakunana sun haihu a bakin kogin nan, ’ya’yan ma sun isa ɗaukar kaya. A ba ni sandar, ni ma na iya tuƙi.” Uwar Labari ta ce, “Saura kwana goma sha biyu. Ba a gadon mai rai.”

Na karanta wannan sau uku, na kife wayar.

Alhamis, ƙarfe 5:40 na yamma

Sha tara. Babu canji a jikin Auta, in ji likitoci.

Juma’a, ƙarfe 5:50 na yamma

Na dawo daga asibiti. Daga ƙarfe huɗu zuwa biyar ake barin shiga. Mota biyu nake hawa, ko da yake akwai guda mai zuwa kai tsaye. Waccan ta titin gada take bi, inda muka yi hatsarin.

Matar Auta tana gefen hagunsa kamar kullum, yau tana yanke masa farce. Ta ce, “Yaya, sannu da zuwa.” Na ce, “Ya mai jiki?” Ta ce, “Da sauƙi.” Kalmomin nan muke yi kullum, kamar wani ne ya rubuta mana su. Ba ta taɓa tambayata komai ba. Da ta tambaya, da wataƙila ya fi mini. Ko kuma a’a, ban sani ba.

Nas ɗin ta ce a riƙa yi masa magana, ana sa ran yana ji. Na matsa kusa na ce, “Auta, ni ne.” Daga nan babu abin da ya zo. Na tsaya ina karanta lambobin da ke kan na’ura har aka kaɗa ƙararrawar fita.

Mama ta kira ina hanya. Na ci abinci? Na ci. Ina barci? Ina yi. Ta ce to Allah ya yi albarka, ta kashe.

Makullin motar yana cikin kofin da ke kan firji. Na ɗora masa faranti.

Asabar, ƙarfe 11:00 na safe

Layina ya zo a Fage, don mu da ke kan tudu muna ɗan motsawa ko da kwale-kwale a tsaye yake. Minti arba’in na yi a kan layi uku. Magatakarda ya fiƙe alƙalami, ya gyara takardunsa, ya duba sama. Babu wanda ya amsa. Da na sake karantawa na ga babu abin amsawa a ciki. Na sake rufe ƙofa ke nan.

Auta ne ya koya mini wannan kalmar. Rubutuna na farko a zauren, watanni takwas da suka wuce, cewa na yi Magatakarda ya daka wa ɗan kasuwa tsawa, ɗan kasuwa ya firgita ya ruga da gudu. Barkono ya kusa tayar da rufin zaure. Washegari Auta ya zo shago da jakar kayan gyaran firjinsa, ya zauna kan kujerar awo, yana dariya har da hawaye.

“Yaya, naka hannun kaɗai za ka ɗaga. Ka ce ka kai masa mari, kada ka ce marin ya same shi. Shi zai faɗa ko ya kauce ko ya sha.”

“In kullum ya ce ya kauce fa?”

“Sai kowa ya gane irinsa, a daina wasa da shi. Kuma don Allah ka daina rufe ƙofa a ƙarshen rubutu. Bar wa mutum abin kamawa. Tambaya, ko hannu a miƙe, ko ma zagi. Kai in ka gama rubutu kamar an rufe ofis.”

Na ce ai zagin ne ba na so. Ya ce in ɗan kasuwa ya zagi Magatakarda, ba ni aka zaga ba, Barkono ma wataƙila mutumin kirki ne mai ’ya’ya biyar. Sannan ya sa wani tabarau na mata daga cikin na talla, ya dube ni ta samansa ya ce, “Amma Yaya, tsakani da Allah. An ba ka duniya sabuwa, ka zama duk abin da kake so, sai ka zaɓi mai rajista?”

Shi ya matsa mini in shiga. Ya ce zaman ɗaki ni kaɗai zai sa in fara gaisawa da bango.

Lahadi, ƙarfe 4:00 na yamma

Ashirin da biyu. Ranar Mama ce a can, ban je ba. Na share ɗaki, na wanke kofi ɗaya da cokali ɗaya. Na sa wayar a caji.

Litinin, ƙarfe 1:20 na rana

Na yi wa Uwar Labari magana ta gefe. Sau huɗu na gyara saƙon.

“Uwa, tambaya ce kawai. In wani ya san dalilin shirun wani, zai iya nema masa hutu?”

Ba ta daɗe ba ta amsa. “A’a, Magatakarda. Mun taɓa yi. Wani ya ce abokinsa na kan tafiya, a ajiye masa mutuminsa. Wata huɗu muna jira, ashe abokin gajiya ya yi bai iya faɗa ba. Labarin ya mutu a tsaye, mutum shida suka watse. Tun daga nan mai abu shi ke magana a kan abinsa. Ka san wani abu ne?”

Na rubuta “ƙanena ne”, na goge. In na faɗi wannan, tambaya ta gaba ita ce me ya same shi, ta bayanta kuma wa ke tuƙi. Na rubuta “A’a.”

Ƙarya ta farko ke nan. Na sa ta a nan don in san adadinsu.

Talata, ƙarfe 6:15 na yamma

Ashirin da huɗu.

Na buɗe wayar. Tun ranar da aka miƙo mini ita cikin leda tare da agogonsa ban taɓa wuce caji ba. Lambar buɗe ta, lambar tsohon gidanmu ce sau biyu, ban ko yi kuskure ba. Gilashin ya tsage a kusurwar dama, amma tana aiki. Saƙonnin masu firji sun taru, ban taɓa su ba.

Na karanta rubutunsa na shekara biyu a Fage, ina ɗaukar abin da na lura a takarda. Ba ya wuce layi biyar. Kusan kullum da hannu yake farawa, abin da hannun Dogon Sanda ke yi. Ba ya faɗin abin da ke zuciyar mutuminsa, sai dai ka gane. Yana tsokana. Kuma duk rubutun da ya yi, da tambaya ko da wani abu a miƙe yake ƙarewa, ban sami ko ɗaya da ya saɓa ba.

Akwai inda na yi dariya ni kaɗai a ɗaki, har na ji muryata ta yi mini baƙo.

Ban ce zan yi wani abu ba. Awo kawai na ɗauka.

Laraba, ƙarfe 6:50 na safe

Na yi.

“Dogon Sanda ya juya igiyar a hannu, ya yi dariya. Ya ce, ni ban taɓa mayar da igiya don na ji labari ba, sai don an hana ni. Faɗa mini, wa ke jiran wutar nan a tsallake?”

Da wayarsa, da sunansa. Layi uku. Ba don kaina na yi ba. Kwana biyar ya rage, kuma in ya tashi ya tarar an ba Barkono sandarsa, me zan ce masa? Riƙe masa wuri kawai na yi, kamar yadda ake ajiye jaka a kan kujera.

Laraba, ƙarfe 1:10 na rana

Bayan Fage ya cika. Barkono ya ce, “Matacce ya tashi! Jakunana suna gaishe ka.” Uwar Labari ta ce, “Lissafi ya goge. Barka da dawowa. Gaba ka riƙa sallama kafin ka ɓace.”

Mai Fitila ta aiko ta gefe, a wayarsa: “Ka tsorata ni, mai kwale-kwale. Lafiya dai?” Wannan ban amsa ba. Wannan ba labari ba ne.

Na cinye abincina tas yau. Rediyo ta ce, “Lallai budurwar ta amsa.” Ban san me ya sa na ji yunwa ba. Ina jin bai kamata ba.

Ta biyu ke nan, in rubutun safe ƙarya ɗaya ce. Wataƙila bakwai ce, tunda mutum bakwai suka karanta.

Alhamis, ƙarfe 6:25 na yamma

Likita ya kira matar Auta waje yau. Sun daɗe a baranda. Ni ba a kira ni ba. Da ta dawo ta gyara masa bargo ta ce, “Sun ce a ci gaba da haƙuri.” Idonta bai zo inda nake ba.

Da na iso gida na tarar Mai Fitila ta amsa a Fage, amsa mai kyau. Mutuniyarta ta ce wutar ta murhun gidan mahaifinsu ce, ta ƙarshe kafin a rushe gidan, ƙanwarta take kai wa. Sannan ta miƙa wa Dogon Sanda fitilar ta ce, “Riƙe mini in shiga.”

Abin da ya kamata a sani yake. Ya karɓa, ko ya ƙi, ko ya tsokane ta. Ga abin da na rubuta:

“Dogon Sanda ya ajiye igiya, ya haura tudu zuwa teburin Magatakarda, ya dafa kafaɗarsa. Ya ce, ba kai ba ne. Ko wa ke wurin, haka za ta faru. Magatakarda ya sunkuyar da kai, ya yi kuka.”

Na aika kafin in sake karantawa, ni da nake karanta saƙon gaisuwa sau uku.

Juma’a, ƙarfe 11:30 na safe

Ina gida. Mai shago ne ya ce in tafi in huta. Na yanka gilashin wata dattijuwa a karkace, na ido na dama a gurbin hagu, abin da ban yi ba cikin shekara goma sha shida. Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi.

Barkono tun da sassafe: “Wai me Magatakarda ya yi da ake yafe masa? Na tsallake shafi ne? Kuma tun yaushe Dogon Sanda ya fara sa mutanen wasu kuka? Magatakarda, an sa ka kuka ba da izininka ba, ka yi shiru? Ni da aka sa ni gudu sai da unguwa ta ji.”

Ban amsa da wayata ba, ban amsa da tasa ba.

Mai Fitila ta gefe: “Shekara biyu muna rubutu da shi. Bai taɓa barina da hannu a miƙe ba, bai taɓa motsa mutumin wani ba, ko da wasa. Ba zan kai ƙara ba tukuna. Amma wane ne wannan, kuma ina mai wayar?”

Wayoyin biyu suna kan tebur, gefe da gefe. Na zauna ina kallonsu kamar baƙin da ban san me zan ba su ba.

Asabar, ƙarfe 6:00 na yamma

Bayan ƙararrawa matar Auta ta biyo ni baranda. Ba ta taɓa yi ba.

“Yaya, wayarsa tana wurinka ko?”

“Tana wurina.”

“Ranar Laraba da safe ina duba hotunansa a tawa, sai na ga koren ɗigon nan mai nuna mutum yana kan waya ya kama kusa da sunansa. Ina zaune a gefensa fa, ina ganinsa. Amma wallahi sai da na ɗaga bargo na duba hannunsa.”

Wannan ban lissafa da shi ba. Na lissafa kwanaki, na lissafa layuka, ban lissafa ita ba.

Muka zauna a benci na faɗa mata duka, da ƙa’ida ta bakwai, da Barkono, da kwana talatin. Ina jira ta tashi ta bar ni. Sai ta ce, “Wannan wasan nasa na kwale-kwale? Mutumin da ko a baho bai iya iyo ba?” Ta yi dariya, dariyar ta juye, ta rufe fuska da gefen mayafi. Na dubi ƙasa har ta gama.

“Me ka sa ya ce?”

Na faɗa mata na farko. Ta ce wannan kam kamar shi. Na faɗa mata na biyu. Wani ya wuce da keken marasa lafiya, ƙafarsa ɗaya tana ƙara, muka bi shi da ido har ya sha kwana.

“Ka ji sauƙi da ya faɗa?”

“A’a.”

“To,” in ji ta. Ta miƙe ta kakkaɓe zaninta. “Ka kawo mini wayar, Yaya. In ka gama gyara abin da ka ɓata.”

Lahadi, ƙarfe 9:40 na safe

Da wayata na rubuta, a Fage, daidai ƙarƙashin ƙaryar, tunda a nan take:

((Ni ne mai Magatakarda. Mai Dogon Sanda ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yau kwana ashirin da tara yana kwance a asibiti, ba ya magana. Rubutun Laraba da na Alhamis ni na yi su da wayarsa. Bai sa ni ba. Mai Fitila, ni na bar ki da hannu a miƙe. Ku yi haƙuri.))

Ban gyara ko kalma ɗaya ba. In na fara gyara ba zan aika ba.

Lahadi, ƙarfe 2:30 na rana

An yi addu’o’i a Bayan Fage. Barkono ya ce, “Subhanallahi, me ya same shi?” Mai Fitila ta ce, “Abin da aka ba mu shi muka karɓa.” Ya goge tambayarsa.

Uwar Labari ta zo ta gefe.

“Allah ya tashi kafaɗarsa. Amma ka san shiga rigar wani ita ce babba a wurinmu. Wata guda ba za ka yi rubutu ba, karatu kawai. Magatakarda zai zauna a teburinsa, watan ba zai shiga lissafinsa ba.”

“Na yarda, Uwa.”

“Rubutun biyu zan goge, da amsar da aka yi musu. In na goge, lissafi ya koma inda yake. Gobe talatin.”

“Na sani.”

“Hutu kuma ba zan ba shi ta bakinka ba, yanzu ma ya fi wuya. To kai ne ɗan’uwansa. In fitarwa ta zama dole, yaya kake so a yi? In sa ya bi kogi ya tafi, ko in ba shi ƙarshe mai daraja?”

Na yi awa guda a kai. Na ma fara tsara masa tafiya mai kyau, da rana tana faɗuwa, da komai. Kyanta ne ya tsorata ni.

Na ce, “Uwa, ba nawa ba ne. Na taɓa shi sau biyu, ba zan ƙara ba.”

Ta ce, “Ka bar ni da aiki.”

Na duba Fage. Ta goge. Yana nan yadda ya bar kansa, da igiya a hannu.

Litinin, ƙarfe 6:30 na safe

Talatin.

Litinin, ƙarfe 12:45 na rana

Babu komai. Na ɗaure ƙananan kusoshin tabarau goma sha ɗaya waɗanda ba su kwance ba. Rediyo ta ajiye mini shayi ba ta ce uffan ba, abin da ya fi komai ba ni tsoro.

Litinin, ƙarfe 3:10 na yamma

Ta rubuta. Na kwafe shi duka:

“Da hantsi ruwa ya sauko daga kan tuddai, ja wur, ɗauke da itatuwa da jijiyoyinsu. Kafin rana ta raba, kogi ya cinye matakala uku na mashiga. Tsofaffin wurin suka ce ba su taɓa ganin irinsa ba, kuma babu kwale-kwalen da zai taɓa ruwan nan sai ya sauka.”

Na nemi sunansa a ciki sau biyu. Babu. Ba ta taɓa shi ba ko da kalma.

Barkono a Bayan Fage: “Uwa, ba don komai ba, amma ƙa’ida ta bakwai fa? Gobe wani zai ce an yi son kai.” Ta ce, “Don wanda ya tsayar da labari aka yi ta. Yanzu kogi ne ya tsayar, kogi kuwa nawa ne. Mai ƙorafi ya kai ƙarar ruwa.” Ya ce, “Jakunana sun shiga uku.” Bayan minti goma ɗan kasuwansa ya sauke kaya ya fara kafa rumfa a kan tudu, yana tambaya wa ke da gatari. Mutum biyu suka amsa masa nan take. Ya iya barin ƙofa a buɗe, ban taɓa lura ba.

Mai Fitila layi biyu ta yi. Mutuniyarta ta zauna a kan dutse kusa da kwale-kwale, ta kare fitilar daga iska da jikinta. Ba ta maimaita tambayarta ba.

Ni ba ni da bakin cewa komai, ko na gode, sai ta gefe. Uwar Labari ta ce, “Ba zan riƙe kogi har abada ba, Magatakarda, kada ka ce na yi maka alkawari. Amma damina tana da tsawo.”

Talata, ƙarfe 5:55 na yamma

Na kai mata wayar da abin cajinta, cikin ambulan. Ta sa a jaka ba ta buɗe ba. Na ce “Ya mai jiki?” ta ce “Da sauƙi,” sannan ta ce, “An gyara?”

Na ce an gyara, amma ba ni na gyara ba.

“To karanta masa. Kullum sai ka tsaya kana kallon na’ura kamar kai ka haɗa ta.”

Na jawo kujera ta dama na zauna, karo na farko. Na fara daga nasa, inda ya kwance igiya. Na karanta tambayar Mai Fitila, da saukowar ruwa, da rumfar Barkono da jakunansa. A nan matar Auta ta ce, “Wannan kam ɗan rigima ne,” na ce ai ba ki ga komai ba. Nas ɗin da ta shigo canza ruwa ta tsaya da ledar a hannu sai da na kai inda matar ta zauna a kan dutse.

Na ajiye wayata a cinya. Hannunsa yana kan bargo, farcen a yanke tsaf.

Matar Auta ta ce, “Shi ke nan? To shi me ya ce mata? Zai kai ta ko ba zai kai ta ba?”

Na ce, “Bai ce ba tukuna. Layinsa ne.”

Ta gyara zama. Muka jira har aka kaɗa ƙararrawa.